Ocean Grove: garin da coci ta gina, da rigimar wa ke da iko da safiyar Lahadi

A ƙarshen watan Mayun 2024 wani abu ya faru a wani ɗan ƙaramin gari na bakin teku a jihar New Jersey ta Amurka, wanda in ba ka san tarihin wurin ba cewa za ka yi to meye abin labari a nan. Mutane ne kawai suka sauka kan yashi da safiyar Lahadi, da kujerunsu da lemominsu da yaransu, suka shiga ruwa. Shikenan fa. Amma a garin Ocean Grove wannan shi ne karon farko cikin shekara 155 da aka bar ƙofar bakin teku a buɗe da safiyar Lahadi a lokacin bazara, kuma ba da son ran masu garin aka buɗe ba, gwamnatin jiha ce ta ce ko su cire sarƙa da kwaɗo ko kuma su riƙa biyan tarar da za ta iya kaiwa dala 25,000 a kowace rana.

Da na ce masu garin, da gaske nake. Ƙasar da gidajen Ocean Grove ke kai, da bakin tekun, da hanyar katakon da ake yawo a kanta, duk mallakar wata ƙungiyar Kiristoci ce 'yan ɗariƙar Metodis mai suna Ocean Grove Camp Meeting Association. Ka sayi gida a can, ginin ne naka, filin kuwa hayarsa kake ta shekara 99 da ake sabuntawa. Wannan tsarin shi ne tushen duk wata rigima da aka yi a garin tun daga shekarun 1970 har yau, kuma ni a ganina masu kallon abin a matsayin faɗa tsakanin masu addini da marasa addini ba su kama bakin zaren ba. Tambayar ita ce, in jama'ar ibada ta girma har ta zama gari, da tituna da shaguna da 'yan haya da magada waɗanda ba su zaɓi wannan ibadar ba, ina iyakar ikonta yake tsayawa.

Sai an koma baya kaɗan. Su Metodis asalinsu daga Ingila ne, mabiya John Wesley, wanda limaman cocin gwamnati suka riƙa rufe masa ƙofa har a 1739 ya fita fili a Bristol ya fara wa'azi a sararin Allah ga ma'aikata da talakawa. Wato wa'azi a waje yana cikin jininsu tun farko (su ne ma suka sauka Badagry a 1842, suna cikin 'yan mishan na farko da suka shigo Najeriya a wancan ƙarni). A Amurka abin ya ɗauki wani salo: lokacin bazara iyalai za su ɗaura kaya a keken doki su tafi daji ko bakin ruwa, a kafa tantuna zagaye da mumbari, a yi kwana da kwanaki ana wa'azi da waƙoƙin yabo da tuba da kuka, ana gamawa a naɗe tanti kowa ya koma gonarsa. Taron farkawa kenan irin na sansani. Ba mai zama, ba mai gado, ba wanda ya zo sai da niyya.

Bayan yaƙin basasar Amurka sai abin ya canza. 'Yan Metodis sun yi kuɗi, sun zama 'yan kasuwa da malamai a birane irin New York da Philadelphia, jirgin ƙasa ya iso bakin teku, hutun bazara ya zama abin yayi. Amma wuraren hutun da ake da su a lokacin cike suke da giya da caca da rawa, abubuwan da Metodis ɗin wancan zamani ke gani a matsayin hanyar halaka. Sai suka ce to mu gina namu. A haka aka samu Ocean Grove a 1869, Bay View a jihar Michigan a 1875, Lakeside a Ohio a 1873, Chautauqua a jihar New York a 1874, ga kuma na tsibirin Martha's Vineyard da ya girme su duka tun 1835. Wani fasto William Osborn ne ya nemo filin Ocean Grove, wani kuma Ellwood Stokes ya zama shugaban ƙungiyar na farko. Sunayen titunan ma kaɗai sun isa su faɗa maka niyyarsu, akwai Pilgrim Pathway, akwai Mount Tabor da Mount Carmel da Mount Zion, rijiyar farko da suka haƙa suka sa mata Beersheba, tafkin da ya raba su da garin da ke arewa suka sa masa sunan Wesley.

Rayuwar bazarar kanta tana da daɗin da ya kamata a faɗe shi, don in ba a gane abin da mutanen ke karewa ba za a ɗauka taurin kai ne kawai. A tsakiyar garin akwai wani katafaren zauren katako da aka gina a 1894 cikin kwana 92, da farko yana cin mutum kusan dubu 10, yanzu da aka sa kujeru masu faɗi ya koma dubu 6 da ɗoriya, da wata ƙatuwar molon coci mai bututu fiye da dubu 10 da aka kafa tun 1908. Theodore Roosevelt ya yi jawabi a ciki, Billy Graham ya yi wa'azi a ciki. Zagaye da zauren akwai tantuna 114 da har yau ake kafawa duk watan Mayu a naɗe a Satumba, gabansu tamfol ne mai ɗan baranda da tukwanen fure, bayansu kuma ɗan ɗakin katako mai kicin da banɗaki, kuma sun matsu da juna yadda in maƙwabci ya yi tari cikin dare kana ji. Iyali ɗaya su riƙe tanti ɗaya daga kaka zuwa jika, mai son shiga layi kuwa ya yi shekaru yana jira. Da safe nazarin Littafi, yara na da nasu shirin, da yamma waƙa, ran Lahadi babbar sujada da mai wa'azin da aka gayyato daga nesa, sau ɗaya a shekara kuma mawaƙan coci ɗaruruwa daga garuruwa daban-daban su haɗu su cika dandamali. Mutumin da ya tashi a wannan yanayin, da ya koyi iyo a wannan ruwan kuma a nan ya haɗu da matarsa, in ka ce masa wurin ai unguwa ce kamar kowace unguwa ba zai ma gane me kake nufi ba.

To inda gizo ke saƙar shi ne 1870. A shekarar majalisar dokokin New Jersey ta ba ƙungiyar takardar izini, daga baya ta ƙara mata da wasu dokokin da suka ba ta ikon da ƙaramar hukuma ke da shi: ta kafa dokokin gari, ta ɗauki 'yan sanda, ta yi kotunta. Masu riƙe da wannan ikon amintattu ne 26, fastoci 13 da 'yan coci 13, dukkansu dole Metodis, kuma ba mazauna gari ke zaɓensu ba, in ɗaya ya mutu ko ya sauka sauran ne za su naɗa magajinsa. Da wannan ikon suka tsara Lahadinsu. Daga tsakar daren Asabar ake ja sarƙa a ƙofofin gari har tsakar daren Lahadi, ba keken doki, daga baya ba mota, ko ajiye ta a titi ba a yarda ba, sai ka fitar da ita wajen gari tun daren Asabar. Ba wanka a teku, ba ciniki. Har yau mutanen garin na ba da labarin shugaban ƙasa Ulysses Grant da ya zo ran Lahadi a 1875 ya tarar da ƙofa a rufe, ya bar dawakinsa a waje ya taka da ƙafa zuwa gidan 'yar'uwarsa, kuma da alfahari suke faɗa.

An yi fiye da shekara ɗari a haka, abin mamaki, a ƙasar da gyaran farko na kundin tsarin mulkinta tun 1791 ya ƙunshi abu biyu game da addini: gwamnati ba za ta kafa wani addini ba, kuma ba za ta hana kowa yin nasa ba. Jimlolin nan biyu yawanci tare suke tafiya, amma a Ocean Grove sun juya wa juna baya. Ƙungiya na riƙe da ta biyu tana cewa a bar mu mu kiyaye ranar Ubangiji a filinmu, masu ƙara na riƙe da ta farko suna cewa ai ku ne gwamnati a nan.

Wanda ya fara tsaga katangar mai raba jarida ne. Aikinsa ya kai wa mutane jaridar Lahadi da mota cikin dare, dokar gari ta hana, magana ta kai kotun ƙolin jiha, a 1977 kotu ta ba shi gaskiya ta fuskar 'yancin jarida amma ta ƙi taɓa ainihin tsarin. Bayan shekara biyu kacal sai ga shari'ar wani direba da 'yan sandan garin suka kama da laifin tuƙi cikin maye, kotun garin ta yanke masa hukunci. Lauyansa bai tsaya kan ya sha ko bai sha ba, tambayarsa ita ce wace kotu ce wannan, wa ya naɗa alƙalinta. A 1979 kotun ƙolin New Jersey ta ce majalisa ba ta da hurumin miƙa ikon yin doka da hukunci ga ƙungiyar addini wadda wanda ba ɗan cocinta ba ba zai taɓa zama cikin masu mulkinta ba. 'Yan sanda da kotu suka koma hannun ƙaramar hukumar Neptune, aka sauke sarƙoƙin ƙofa, motoci suka fara shiga ran Lahadi. A nan kam ban ga abin jayayya ba. Mutum ya zauna a gari, ana iya kama shi a ci shi tara, amma ba shi da ƙuri'a kuma ba zai samu ba sai ya canza coci, wannan ko su Metodis ɗin farko da suka sha wuya a hannun cocin gwamnati a Ingila ba za su yarda a yi musu ba.

Amma hukuncin ya bar musu ƙasar. Ya ƙwace sandar mulki ya bar takardar fili, kuma daga nan duk rigimar ta koma kan tambaya mai wuyar gaske: me mai fili zai iya hanawa a filinsa in filin nan jama'a ke amfani da shi kamar na kowa. Kotun ƙolin Amurka ta taɓa taɓo irin wannan tun 1946, a shari'ar wani gari a jihar Alabama da kamfanin ƙera jiragen ruwa ya mallaka gaba ɗaya, aka kama wata mata 'yar Shaidun Jehobah tana raba takardun wa'azi a titi, kotu ta ce gwargwadon yadda mai dukiya ya buɗe dukiyarsa ga jama'a don amfaninsa, gwargwadon yadda haƙƙin masu shigowa ke rage masa iko. Ka lura a can mai addinin ce ke neman kariya daga mai fili. A Ocean Grove mai addinin shi ne mai filin.

Kafin nan kuma mutanen garin sun canza. Shekarun 1970 da 1980 garin ya lalace, tsofaffin otal-otal suka koma gidajen kwana masu arha, sannan daga shekarun 1990 mutane daga New York da kewaye suka fara sayen tsofaffin gidajen nan masu ado suna gyarawa, cikinsu akwai Yahudawa, akwai Katolika, akwai waɗanda ba ruwansu da coci, akwai masu zaman jinsi ɗaya da dama. Ƙungiya ba ta hana su saye ba, kuɗinsu ne ma ya tayar da garin. Yau mazauna dindindin sun kai dubu 3, bazara kuma ninkin-ba-ninkin haka, kuma da yawansu tekun ne ya kawo su ba zauren sujada ba.

Shari'ar 2007 ita ce ta fi yin suna kuma ita aka fi murɗa labarinta. A farkon shekarar New Jersey ta fara yi wa masu jinsi ɗaya rajistar zaman tare mai kama da aure a hukumance, sai wasu mata biyu mazauna garin suka nemi hayar wata rumfar katako da ke kan hanyar bakin teku don bikinsu, ƙungiya ta ce a'a, koyarwar cocinmu ba ta yarda ba. Labarin da ya zagaya duniya shi ne wai an tilasta wa coci ta ɗaura auren da ba ta yarda da shi ba. Ba haka aka yi ba. Ba wanda ya nemi fasto ya ɗaura komai, ba wanda ya nemi babban zauren ko ƙananan ɗakunan sujadarsu. Rumfar nan ana ba da hayarta ga duk mai biki ba tare da an tambaye shi addininsa ba, kuma tun 1989 ƙungiyar ta shigar da ita cikin wani shirin jiha mai suna Green Acres, wanda ake yafe maka harajin fili bisa sharaɗin ka bar shi a buɗe ga kowa daidai wa daida. Jiha ta janye yafiyar harajin rumfar a 2007, a 2012 kuma alƙalin da ya saurari ƙarar ya ce an saɓa dokar hana wariya ta jihar. Ƙungiyar kuwa tun a 2007 ta daina ba kowa hayar rumfar don biki, kuma ba wanda ya iya tilasta mata ta dawo da shi. Ko me mutum yake gani game da irin wannan zaman, kuma na san ra'ayin yawancin masu karanta wannan, abin lura shi ne ta wace ƙofa gwamnati ta shigo. Ta ƙofar da aka buɗe mata da hannu aka sa hannu a takarda. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Guguwar Sandy ta Oktoban 2012 ta ƙara fito da wannan fili. Ruwa ya farfasa hanyar katakon, garuruwan da ke maƙwabtaka duk hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta ba su kuɗin gyara, Ocean Grove kuwa aka ce ku ƙungiya ce mai zaman kanta, wannan wurin shaƙatawarku ne, ba ku cancanta ba. Sai da aka yi ta ɗaukaka ƙara, da taimakon 'yan siyasar jihar, kafin a 2014 hukumar ta amince, kuma hujjar da ta yi aiki ita ce hanyar nan ta jama'a ce, ita ta haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka, Asbury Park da Bradley Beach, kowa na bi. Gaskiya ce kuwa. Sai dai maganar da ka faɗa don a ba ka kuɗi ba ta gogewa in ka zo bayan shekara tara kana cewa matakalar da ke sauka daga wannan hanyar zuwa yashi taka ce kai kaɗai. Gadar katakon da ke shiga cikin teku kuwa, wadda ita ma Sandy ta cinye, da kuɗin gudummawa suka sake gina ta suka buɗe a 2023 da siffar gicciye, mutane sun yi ta surutu amma ba a iya hana su ba, kuma ni ban ga dalilin hanawa ba. Kuɗinsu, filinsu, alamarsu, kuma ba a tambayar kowa addininsa kafin ya taka.

Sai maganar safiyar Lahadi, wadda ita ce ta fi ba ni wahalar yanke hukunci. Abin da ya rage na tsohuwar dokar kafin 2024 ɗan kaɗan ne: daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, ran Lahadi, a lokacin ana sa sarƙa a matakalun sauka bakin teku daga ƙarfe 9 zuwa 12 na rana. Lahadi 15, awa uku-uku, awa 45 kenan a shekara, kuma ƙungiyar ta yi ta nanata wannan lissafin. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Tafiyar 'yan mintuna arewa ko kudu akwai bakin teku a buɗe. Duk wanda ya sayi gida a garin ya san dokar kafin ya saya. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba, shi ne shiru ba abu ne da mutum ɗaya ke iya yi wa kansa ba. Kana iya cewa mai son sujada ya tafi sujadarsa mai son iyo ya tafi iyonsa kowa ya huta, amma abin da suke so su riƙe shi ne safiya guda a mako da gari gaba ɗaya ke lafawa, ba cunkoson motocin 'yan yawon rana, ba hayaniya, kuma wannan in ba kowa ya shiga ba to babu shi. Wanda ya san yadda gari ke tsit lokacin da liman ya hau mumbari ran Juma'a, da kuma gardamar da ake yi kan tare titi a lokacin, ya san ɓangarorin biyu na wannan maganar ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Duk da haka ina ganin jiha ta fi su hujja, kuma dalilin teku ne. A dokar New Jersey akwai tsohuwar ƙa'ida da ta samo asali tun dokokin Rumawa ta biyo ta Ingila, cewa ruwan teku da gaɓar da igiyar ruwa ke rufewa amana ce a hannun gwamnati don jama'a, ba ta sayuwa. Kotun ƙolin jihar ta faɗaɗa ta a 1972, a 1984 kuma a shari'ar garin Bay Head ta ce ko ƙungiya mai zaman kanta ce ke riƙe da busasshen yashin dole ta bar wa jama'a hanyar kaiwa ga ruwa, a 2019 majalisa ta mai da ƙa'idar rubutacciyar doka. Ga shi yashin kansa da kuɗin gwamnati ake ta ciko shi duk lokacin da teku ya kwashe, ga lasisin ayyukan gaɓa da ƙungiyar ta karɓa mai ɗauke da sharaɗin buɗe wa jama'a. Maganar a je garin gaba kuwa tana da sauƙi a bakin mai mota da lafiyar ƙafa. Bayahuden da ke kiyaye Asabar, wanda Lahadi ce kaɗai safiyar da yake da ita, ko ma'aikaciyar da ke aiki kwana shida, in ka ce musu awa 45 ne kacal, su a wurinsu rabin hutunsu ne. A bazarar 2023 wasu mazauna suka fara tsallake sarƙar suna zama kan yashi da gangan, a kaka hukumar kare muhalli ta jiha ta ba da umarni, a Mayun 2024 ƙungiyar ta buɗe tana mai cewa ba ta janye ƙorafinta ba za ta ci gaba da bin shari'a.

Bay View ta Michigan ta nuna ɗaya fuskar, wadda ta fi muni. Nan ma gidajen bazara ne sama da 400 a bakin tafki kusa da Petoskey, gini naka fili na ƙungiya, kuma ba ka mallakar gida sai ka zama memba. A shekarun 1940 suka rubuta cewa memba dole ya zama farar fata kuma Kirista. Sharaɗin fata ya fita a 1959, na addini ya zauna, har aka yi zamanin da ake ƙayyade yawan Katolika, a 1986 ma aka ƙara cewa sai ka kawo takarda daga fasto mai shaida kana zuwa coci. Abin bai fashe a kan baƙi masu son saye ba, a kan gado ya fashe. Mutum ya gaji gida daga kakanninsa, ya auri Bayahudiya, sai ya gane in ya mutu matarsa da 'ya'yansa ba za su iya riƙe gidan ba. Waɗanda suka kai ƙara a 2017 'yan cikin gida ne, jikokin wurin. Dokar gidaje ta tarayya ta 1968 ta hana wariyar addini wajen sayar da gida, tana da rangwame ga ƙungiyar addini mai gidajen da ba na kasuwanci ba, amma gidajen Bay View mutane ne ke saye da sayarwa a kasuwa da kuɗi masu yawa, ga kuma wata dokar Michigan ta 1889 da ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi wani ɓangare na ikon hukuma. A 2018 membobin da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka cire sharaɗin, a 2019 aka rufe shari'ar da yarjejeniya a gaban kotu. Kuma kada a manta jerin waɗanda irin wannan ƙofar ta taɓa rufewa a kansu, baƙar fata da Yahudawa da Katolika, yau da ta ci gaba da Musulmi da Hindu ne za su tsaya a bayanta.

Hujjar nan ta ai kowa ya sani kafin ya shigo a nan take karyewa. Tana aiki a kan tanti, don tanti haya ce ta wata huɗu, kai ka nema, ka san don me aka kafa shi, in ka gaji ka naɗe kayanka. Ba ta aiki a kan gidan da ya kai ɗaruruwan dubban daloli wanda yaro ya buɗe ido ya gan shi a matsayin gidan kaka. Kakan ne ya yi alkawari, jikan bai yi ba.

Chautauqua ita ta bi wata hanyar tun da wuri. Metodis biyu ne suka kafa ta, Lewis Miller da John Heyl Vincent, don horar da malaman makarantar Lahadi, amma ta buɗe wa sauran ɗariƙu kusan tun farko, yau cikin makonni tara na bazararta akwai gidan Katolika, akwai cibiyar Yahudawa, ana sallar Juma'a, kuma har yanzu babbar sujadar safiyar Lahadi na cika dandamali. Wasu a Ocean Grove za su ce ai wannan ta zama jami'ar hutu ce kawai mai ɗan ƙamshin addini, ba abin da kakanninmu suka nufa ba kenan, kuma ba za a ce ƙarya suke ba, farashi ne da Chautauqua ta yarda ta biya su kuma ba su yarda ba.

Abin da ya rage a hannun ƙungiyar Ocean Grove bayan duk wannan ba kaɗan ba ne. Ita ke zaɓen wanda zai hau mumbarin babban zaure kuma ba kotun da ta taɓa sa baki, don a Amurka wannan hurumi ne da kotun ƙoli ta ƙara tabbatarwa a 2012 cewa gwamnati ba ta shiga tsakanin jama'ar ibada da zaɓen malamanta. Ita ke raba tantuna, ita ke karɓar kuɗin hayar fili, har yau ba a sayar da giya a garin, amintattunta har yau su ke naɗa junansu. Ita ce kuma ke sayar da bajen shiga bakin teku, wanda a 'yan shekarun nan ta riƙa buga wa gicciye, kuma a nan wani sabon ƙorafin ya taso, don bajen nan dole ne ka maƙala shi a jikinka kafin ka taka yashin da doka ta ce na kowa ne, ko kai Kirista ne ko ba Kirista ba.